Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Masassaƙa Da Kasuwar Bukukuwa A Ƙasar Kabi



An nemi in yi magana a kan ƙananan sana'o'in gida, ni kuwa na zaɓi in tsaya a kan guda ɗaya, watau sana'ar gidajen masassaƙa waɗanda ke yin kayan ado da na tsaraba domin sayarwa a lokacin bukukuwa. Zan ɗauki misalina daga kwarin Rima, tun daga Birnin Kebbi, a bi ta Ambursa da Zauro, har a dangana da Argungu. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, cinikin biki na 'yan kwanaki ne, amma ribarsa ko hasararsa tun watanni kafin a buga tambari ake yanke ta. Kuma a cikin watannin nan akwai wani aiki da ke jiran ɗan gidan da ya yi karatu, wanda har yanzu yawancinmu ba mu karɓa ba.

Abin da muka gada

Sassaƙa tana cikin sana'o'in Hausawa na asali, tare da ƙira da jima da saƙa da rini, kuma gado ce: ɗa yakan buɗe ido ya tarar da gatari da gizago a zauren ubansa. Kowane itace da aikinsa. Ƙirya, saboda taurinta, ita ce ta turmi da taɓarya. Aduwa ita ce ta allo. Ɗanya tana ba da akushi, alilliba tana ba da ganga, maɗaci kuwa na kwale-kwale ne da ƙyaure. Wannan ilmi ne na ainihi, ko da yake ba a rubuta shi a takarda ba.

Wani zai ce, ai waɗannan duk kayan aiki ne, ina kayan adon? To, sai mu duba allon zayyana. Idan almajiri ya sauke Alƙur'ani, ba a kan allonsa na kullum ake yi masa bikin sauka ba. Sabon allo ake saye, mai zayyana ya ƙawata shi da launuka, a zaga da shi gidajen dangi, daga baya a adana shi a ɗaki shekara da shekaru. Mu duba jeren amarya na da, inda ƙorai masu zane da akussa ke shaida matsayin iyayenta. Mu duba hawan salla, inda sirdin da baduku ya lulluɓe da jar fata ƙashinsa daga hannun masassaƙi ya fito. Ashe ke nan yin ado da itace a ranar murna ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Abin da ya sake shi ne, roba da tasa da injin niƙa sun cinye kasuwar akushi da turmi a birane, saboda haka dole mai gizago ya nemi wata ƙofa. Ƙofa mafi kusa da shi kuwa ita ce ta biki.

Kasuwar Matan Fada

Babu bikin da ya fi jawo baƙi zuwa wannan yanki kamar na kamun kifi na Argungu. Asalinsa a surar da muka sani shi ne ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, ziyarar da ta rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Tun daga nan biki ya yi ta bunƙasa, har Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam a 2016. Akan yi shi a watan Fabrairu ko Maris, a kwashe kwana huɗu ana kokawa da dambe da wasannin ruwa na Kabanci da nunin amfanin gona, sannan a rufe da ranar da dubban masunta ke rugawa cikin Matan Fada da homa da gora.

Baƙon da ya zo daga Legas ko Yamai ko Turai ya ga wannan, yana son ya koma gida da wani abu da zai ajiye a kan tebur ya riƙa tunawa. Ba zai ɗauki turmi ya shiga jirgin sama da shi a Ambursa ba. Ƙaramin kwale-kwale mai tsawon taƙi ɗaya yake nema, ko ƙaramar homa da gorarta, ko allo mai zayyana, ko ludayi da akushi masu zanen wuta, ko ɗan kalangun da zai kai wa yaro. Na san akwai masassaƙan da ba su yin siffar abu mai rai saboda addini, kuma wannan bai rage musu komai ba, domin jirgi da homa da allo da dagi da ƙofar gidan tarihi na Kanta sun isa su cika rumfa.

Amma fa a nan haɗarin yake. Bayan bikin 2009 an shafe shekara goma ba a yi ba, sai a watan Maris na 2020 aka dawo da shi, kuma bayan wannan ma an sake samun shekarun da aka tsallake. Ku ƙaddara gidan da ya jingina cefanensa da kwana huɗun nan. Uba ya tsufa, 'ya'ya sun watse, wani ya kama acaba, wani ya tafi ci-rani, gizago ya yi tsatsa a lungu. Ranar da aka ce biki ya dawo, sai a tarar babu hannun da zai yi aikin, ɗan kasuwa kuma ya cika rumfa da kayan roba na ƙasashen waje. Irin wannan ya sami masu sassaƙar icen zaitun na Baitalami a Falasɗinu, waɗanda cinikinsu ya dogara ga masu ziyarar Kirsimeti: annobar 2020 ta tsayar da baƙi, yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya sake tsayar da su, kaya suka yi kwantai.

Darasi daga wani ƙauye na Jamus

Bari in kai ku wata ƙasa mai nisa, domin akwai ƙauyen da ya shiga irin wannan hali ya fita, kuma hanyar da ya bi tana da amfani gare mu. Sunansa Seiffen, a cikin duwatsun gabashin Jamus, dab da iyakar ƙasar Cek. Mutanensa mahaƙa kuza ne, kamar mutanen Jos a zamanin da. Da kuzar ta fara ƙarewa a ƙarni na 18, sai suka koma ga abin da ya rage musu, watau daji da hannuwansu. Suka shiga yin kayan wasan yara da kayan adon Kirsimeti na itace a cikin ɗakunansu, uba yana sassaƙa, uwa tana fenti, 'ya'ya suna liƙawa.

Kada ku ɗauka daɗi suka sha tun farko. Shekaru masu yawa dillalai ne ke zuwa su kwashe kayan a kan kuɗi ƙalilan su kai manyan kasuwanni irin na Leipzig da Nuremberg, iyali kuwa su kwana suna aiki, har da ƙananan yara, ba su samun abin da ya wuce na tuwo. Abubuwa uku suka canja labarin. Na farko, an buɗe musu makarantar koyon wannan sana'a a 1852, aka shigo da zane da awo cikin aikin gado. Na biyu, a 1919 masu sana'ar suka kafa ƙungiyar gama kai mai suna Dregeno, domin su riƙa sayarwa tare maimakon kowa ya fuskanci dillali shi kaɗai. Na uku, da kayan kwaikwayo masu araha suka fara shigowa daga Asiya, sai suka fito da tambari na musamman wanda ke shaida wa mai saye cewa wannan aikin hannun yankinsu ne. Yau ƙauyen da bai kai Argungu yawan jama'a ba, ko kusa, kayansa suna shiga gidaje a Amurka da Japan, kuma akwai gidajen da suka gaji sana'ar tun kakannin kakanni, irin gidan Füchtner, wanda kakansu ya fito da sanannen ɗan sojan nan na itace mai fasa ƙwallon 'ya'yan itatuwa wajen 1870.

Ku lura, a cikin abubuwan nan uku babu ko ɗaya da aka yi da gizago. Da alƙalami aka yi su. To, alƙalami kuwa a hannunmu yake.

Aikin da ake yi kafin biki

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Bari mu bi aikin daki-daki, mu ga inda gida ke tashi da inda yake faɗuwa.

Abu na farko shi ne itacen kansa. Ɗanyen itace yana da daɗin sara, amma idan aka gama abu da shi aka fitar cikin iskar hunturu, sai ya tsage, wani lokaci ma bayan mai saye ya kai shi gida. Wanda ya sayi abin da ya tsage ba ya dawowa, kuma ba ya yin shiru. Saboda haka kayan da za a sayar a watan Fabrairu, tun kaka ya kamata a ce an yi musu saran farko, an jera su a inuwa, nesa da ƙasa saboda gara, suna bushewa a hankali. Sannan a zo ga gogewa, da zanen wuta da jan ƙarfe, da shafa man kaɗanya. Ƙaramin abu ya fi babba bukatar tsafta, domin a tafin hannu ake duba shi.

Abu na biyu shi ne lokaci. A da, sassaƙa sana'ar rani ce: a gama girbi, a ɗauki gizago. Yanzu rani ya sami wani mai shi. A Zauro ne aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015, aka kuma buɗe babban kamfanin casar shinkafa a Argungu a 2017, kuma kowa ya ga yadda fadama ke cika da mutane da injunan ban-ruwa a watannin sanyi. Wannan alheri ne, amma ma'anarsa ita ce samarin da ake bukata a zauren sassaƙa a watan Janairu su ne ake bukata a wajen dashe. Gidan da ke son ya riƙe duka biyun dole ya zauna ya raba wata-wata da hannu-hannu tun da wuri.

Abu na uku shi ne lissafi, kuma a nan ne aka fi yin hasara ba tare da an sani ba. Masassaƙi yakan ƙirga kuɗin itace da na mota da na rumfa, amma ba safai yake ƙirga kwanakin da shi da iyalinsa suka zuba a aikin ba. Kuma ba ya ƙirga kwantai. Mu yi misali na lissafi kawai: a ce gida ya kai kaya 200 Argungu, ya sayar da 150, saura 50 suka dawo. Idan da farko an raba kuɗin da aka kashe a kan 200 ne aka yanka farashi, to, ribar da ake zato tana nan kwance cikin hamsin ɗin da suka dawo a buhu. Ga shi kuma ranar ƙarshe, da rana ta yi sanyi aka fara naɗe rumfuna, sai dillali ya zo ya taya ragowar da rabin kuɗi. Mai kaya yana tunanin kuɗin mota da cefanen gida, sai ya ce albarka sau ɗaya, na biyu ya sallama. Maganin wannan shi ne ɗan littafi na shiga da fita, da kuma sanin cewa akwai wata kasuwa a gaba, ta yadda ba dole ba ne a karyar yau.

Wannan ya kawo mu ga abu na huɗu, watau kada a zuba ido ga biki ɗaya. Shekararmu cike take da ranakun murna. Akwai ƙaramar salla da babbar salla da Mauludi, waɗanda ke matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka sai an bi su da kalanda. Akwai saukar karatu da bukukuwan aure da suka fi yawa bayan girbi. Akwai Uhola a Zuru da Rigata a Yawuri. Akwai Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da 'yan'uwanmu Kirista da ma'aikata baƙi ke neman tsarabar da za su kai garuruwansu. Akwai kuma bikin yaye ɗalibai a wannan jami'a da sauran manyan makarantun jiha. Gidan da ya tsara kayansa bisa waɗannan ranaku, in an yi Argungu ya sami ƙari, in ba a yi ba bai mutu ba.

Abu na biyar shi ne adalci a cikin gida. Sana'ar gida kamar gandu take: kowa yana aiki, maigida ke riƙe da rumbu. Amma kakanninmu da suka tsara gandu sun san halin ɗan Adam, shi ya sa suka ware wa kowane saurayi gayaunarsa. Haka ya kamata a yi a nan. Matar da ta zauna ta yi zane ko ta saƙa faifan da za a rufe akushi da shi, a san ladanta a kan kowane guda, a ba ta a hannunta. Saurayin da ke gogewa a bar masa wani nau'in kaya ya zama nasa. In ba haka ba, ranar da ya ga abokinsa ya sayi babur, to, sana'a ta yi bankwana da magaji. Yara kuwa su koya da yamma da ranakun hutu, kada a maimaita kuskuren mutanen Seiffen na da, a cire su daga makaranta saboda biki ya matso.

Abu na shida, wanda ya fi duka nauyi, shi ne daji. Ƙirya tana ƙarewa, domin ita ce masu gawayi suka fi nema. Madobiya an yi mata irin saran da ya sa a 2016 aka shigar da ita cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe. Jiharmu tana cikin jihohi 11 na bakin hamada da ke cikin shirin nan na katangar itatuwa. A nan kayan ado suna da wata falala: turmi ɗaya yana cin gindin itace guda, amma reshen da aka sassabe, ko guntayen da suka rage a wurin kafinta, sun isa a fitar da ƙananan jirage masu yawa. Dogon yaro ga shi ko'ina, yana saurin girma, yana kuma karɓar aiki. Duk da haka, gidan da ke ci daga itace wajibi ne ya riƙa dasawa a kan iyakar gonarsa kowace damina, ko da jikansa ne zai sara.

Abin da ya rataya a wuyanmu

To, 'yan'uwa ɗalibai, ina muka shigo? Da yawa daga cikinmu da kuɗin turmi da allo da ƙwarya aka saya mana littafin farko. Amma da zarar mun iya ɗaura agogo, sai mu fara jin nauyin a ce ga ɗan masassaƙi. Muna karanta ilmin kasuwanci da na tattalin arziki, muna rubuta jarrabawa a kan kamfanonin da ba mu taɓa gani ba, alhali ga kamfani a zauren gidanmu ba shi da akawu.

Ba na cewa kowa ya jefar da biro ya ɗauki gatari. Abin da nake roƙo kaɗan ne. In an yi hutu, ka buɗe wa gidanku littafin lissafi, ka koya wa ƙanenka ko ƙanwarka yadda ake cika shi. Ka ɗauki hoton kaya mai kyau da wayarka, ka sa a WhatsApp da Facebook, ka karɓi odar mutanen Kaduna da Abuja da kafin alƙalami tun kafin a sa gizago, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ka rubuta 'yar takarda da za a ɗaura wa kowane kaya, mai faɗin sunan garin da aka yi shi da irin itacen da ma'anar abin, da Hausa da Ingilishi, domin baƙo yana sayen labari tare da kaya. Ka zauna da masassaƙan unguwarku ka nuna musu yadda ake rajistar ƙungiyar gama kai. Adashi ba baƙonsu ba ne, kuma gida biyar da suka haɗa kuɗin mota ɗaya da rumfa ɗaya da tambari ɗaya sun fi ƙarfin dillali.

Ku kuma yayyenmu ma'aikata, a teburinku ake yanke abubuwan da ke rayar da irin waɗannan gidaje ko su kashe su. Idan za a yi wa babban baƙo kyauta, me zai sa a aika birni mai nisa a sayo gilashi, alhali ga allon zayyana da jirgin Kabawa a bayan ofis? Idan kun ba da aiki, ku biya a kan lokaci, domin ƙaramin gida ba shi da ƙarfin bin fayil wata shida. Idan aka sa ku rabon rumfuna, ku ware wa masu yi da hannunsu wuri mai kyau a bakin hanya, ku kuma sanar da ranar biki da wuri yadda itace zai sami lokacin bushewa. Malamin daji kuwa kada aikinsa ya tsaya ga kamu da tara, ya zama mai kai irin dashe da nuna inda aka halatta sassabe.

Shugaba, ƙasar da Kanta ya gina Surame a cikinta tun ƙarni na 16 ba ta taɓa rasa masu hannu ba. Suna nan a ƙauyukan kwarin nan, kuma 'ya'yansu suna zaune a wannan zaure. Ina fatan kafin biki mai zuwa, kowane ɗayanmu da ya fito daga gidan sana'a zai koma ya tambayi mahaifinsa nawa ya kashe bara, nawa ya samu, sannan ya zauna su rubuta tare.

 Allah ya sa albarka a karatunmu da sana'ar iyayenmu.